Muhawara: Yadda ayarin ilektiron ke haifar da eksire mai tauri a tartsatsin rana

Aminu:
Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a warware mini wani ƙulli. Ana cewa eksire mai tauri da ake gani lokacin tartsatsin rana (fashewar haske da ke aukuwa a kan rana), wato mai ƙarfin da ya haura keV 20 (keV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ɗaya ne ta haske ko ta ilektiron), ilektiron masu gudu ne ke haifar da shi. To amma ai filasmar da ke wurin, wato iskar da zafi ya raba ƙwayoyinta da ilektiron ɗinsu, tana da zafin da ya kai digiri miliyan 20. Me zai hana a ce zafin ne kawai ke fitar da hasken? Me ya tilasta a kawo maganar ayarin ilektiron?

Dokta Hadiza:
Wa alaikumus salam. Malam Aminu, lissafi ne ya tilasta. Zafin digiri miliyan 20 a ma'aunin Kelbin daidai yake da kusan keV 1.7 ga kowace ƙwaya. Hasken da irin wannan filasma ke fitarwa yana da yawa ƙwarai a keV 5 zuwa 10, har da layin baƙin ƙarfe da ke keV 6.7, amma daga nan sai ya faɗi warwas, kafin ka kai keV 30 ya kusa ƙarewa. Abin da na'urori ke gani kuwa daban ne: daga wajen keV 20 sifektiram ɗin, wato yawan haske a kowane matakin ƙarfi, sai ya karye ya miƙe a hankali har keV 100, wani lokaci har ɗaruruwa. Idan ka zana shi a takardar logaridim ta ɓangarori biyu, miƙaƙƙen layi ne mai gangare. Lambar gangaren ita ake kira gamma, kuma yawanci tana tsakanin 2 da 6 ko 7. Zafi ɗaya ba ya ba da miƙaƙƙen layi irin wannan.

Na biyu, lokaci. Eksire mai tauri yana zuwa ne a tsittsinke, bugu-bugu, wasu ba su kai sakan ɗaya ba. Eksire mai laushi kuwa yana hawa ne sannu a hankali cikin mintuna. Na uku, wuri: mai taurin yana fitowa ne galibi daga ƙafafu biyu na bakan maganaɗisun da ke tasowa daga rana, inda suka nutse cikin kuromosfiya, wato shimfiɗar iskar da ke sama da fuskar rana, kuma ƙafafun biyu suna haskawa tare, tsakaninsu bai wuce ɗan ɓangaren sakan ba, alhali nisan da ke tsakaninsu dubun-dubatar kilomita ne. Zafi ba ya tafiya da wannan saurin. Ilektiron mai keV 20 yana gudu da kashi 27 cikin ɗari na saurin haske, mai keV 100 kuma kashi 55.

Malam Sani:
Dokta ta kawo hujjojin. Bari in ƙara yadda hasken kansa ke fita, domin a nan ne mutane ke tuntuɓe.

Ilektiron yana saukowa ta kan zaren maganaɗisu daga rawanin rana, wato korona. Idan ya wuce kusa da furoton ko wata ƙwaya mai cajin da ya saɓa da nasa, sai janta ta karkatar da shi. Duk caji da aka karkatar ko aka rage wa gudu yana fitar da haske. Jamusawa suka raɗa masa Bremsstrahlung, ma'anarsa hasken birki. Ƙwayar hasken da ta fita ba za ta taɓa fin ilektiron ɗin ƙarfi ba, saboda haka idan ka ga haske a keV 80, lallai akwai ilektiron da ya haura keV 80.

Ga abin da ya kamata ka riƙe da kyau, Aminu. Wannan birkin ba shi ne ke tsayar da ilektiron ba. Abin da ke cinye ƙarfinsa shi ne ƙananan karo da yake yi da sauran ilektiron na filasmar da yake ratsawa, dubbai a jere, kowanne ya ɗan gutsura. Wannan ƙarfin zafi yake zama. Abin da ke fita a matsayin eksire mai tauri bai wuce kashi ɗaya cikin dubu ɗari ba. Wato muna ganin ƙurar ayari ne, daga ƙurar kuma muke ƙidaya raƙuma. Duk rigimar da ke wannan fanni daga nan ta samo asali.

Aminu:
Allah ya gafarta Malam, to yaya ake komawa daga hasken zuwa adadin ilektiron?

Malam Sani:
Da samfurin bango mai kauri, wanda John Brown ya tsara a 1971. Ana ɗauka cewa ilektiron ya shiga kuromosfiya ya tsaya cak a ciki, bai fita ba. Tunda masu ƙaramin ƙarfi sun fi saurin rasa ƙarfinsu, jerin ilektiron da ke cikin bangon ya fi wanda aka zuba a ciki kwanciya. Sakamakon lissafin mai sauƙi ne: idan gangaren haske gamma ne, gangaren ilektiron da aka zuba, delta, shi ne gamma a tara da ɗaya. Ka ga gamma 3, delta 4 ke nan. Idan kuwa bangon siriri ne, ilektiron ya ratsa ya wuce bai rasa komai ba, to delta gamma ne a debe ɗaya. Bambancin biyu ke nan tsakanin samfuran, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauki tsarin siririn bango ya ɗora a kan ƙafar baka.

Zurfin da ilektiron ke kaiwa kuma ana auna shi da yawan ƙwayoyin da ya ratsa a kan kowace murabba'in santimita. Kusan 1.5 sau 10^17 ne (10^17 na nufin 1 da sifiri 17 a bayansa), a ninka da ƙarfinsa na keV sau kansa. Mai keV 20 zai tsaya bayan ya ratsa wajen 6 sau 10^19, mai keV 100 sai ya kai 10^21 da ɗoriya. Yanzu duba rabin baka mai tsawon kilomita 15,000 da cunkoson ƙwaya 10^10 a kowace santimita kubik: jimilla 1.5 sau 10^19. Wannan zai tare ilektiron da bai kai keV 10 ba kawai. Sauran duk su wuce su faɗa kuromosfiya, inda cunkoso ke ninkuwa sau dubbai cikin 'yan ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa ƙafafu ke haskawa, tsakiyar baka kuma ta yi duhu.

Injiniya Bello:
Kafin a yi nisa da lissafin takarda, ina so a tuna cewa layin nan da ake ɗora wa gamma ba haka yake fitowa daga na'ura ba. Akwai abubuwa uku da ke gurɓata shi, kuma duk wanda bai gyara su ba zai fitar da adadin ilektiron na ƙarya.

Na farko cunkoso a cikin na'urar ganowa. Idan ƙwayoyin haske biyu suka faɗa kusan lokaci guda, lantarkin na'urar ba ya iya raba su, sai ya rubuta su a matsayin ɗaya mai jimillar ƙarfinsu. Biyu masu keV 12 su zama ɗaya mai keV 24. Tunda ƙwayoyin zafi sun ninka masu tauri sau dubbai, ko kaɗan daga cikinsu suka haɗu sai su yi tudu daidai inda ake neman farkon layin. Saboda haka ne tauraron RHESSI, wanda aka harba a watan Fabrairun 2002 ya yi aiki har 2018, yake da labulen alminiyam guda biyu, siriri da mai kauri, da ke rufowa gaban na'urorinsa tara na jamaniyam idan haske ya yi yawa. Amma duk lokacin da labule ya motsa, ƙidayar tana yin tsalle. Kada ka taɓa zaɓar tazarar lokacin da ta haɗa gabanin motsin labule da bayansa.

Na biyu amsa-kuwwar fuskar rana. Rabin hasken ƙasa yake nufa, ya shiga fotosfiya, wato fuskar rana da ake gani, ya yi karo da ilektiron na can su warwatsa shi (karo irin na Kwamton), wani ɓangare ya dawo sama ya haɗu da wanda ya taho kai tsaye. Ƙasa da keV 10 ko 15 ana shanye shi, sama da keV 100 yana nutsewa bai dawo ba, saboda haka abin da ke dawowa tudu ne mai faɗi da ya fi tsayi a wajen keV 30 zuwa 40, kuma a nan zai iya zama kashi 30 zuwa 40 na duk abin da aka gani. Ya fi tsanani idan tartsatsin yana tsakiyar faifan rana, ya ragu a gefe. Idan ba ka cire shi ba, sifektiram zai yi kamar ya kwanta a ƙasa da keV 40, sai ka ce ka gano inda ilektiron suka yanke, alhali amsa-kuwwa ce.

Na uku hasken bango na sararin samaniya da ƙwayoyin da ke bugun na'urar kanta. A sama da keV 100 shi ne yake yawan rinjaye, kuma yana sauyawa da inda tauraron yake a kewayensa.

Dokta Hadiza:
Injiniya ya taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi, wato iyakar ƙasa. Layin delta ba zai ci gaba da hawa har sifiri ba, in ba haka ba ƙarfin ya zama marar iyaka. Dole akwai inda ya yanke. Matsalar ita ce wurin yankewar yana ɓoye a ƙarƙashin hasken zafi, wanda ya rufe komai ƙasa da keV 15 zuwa 25.

Ga yadda abin ke da haɗari. A ce delta 5 ne. Ka sauke iyakar daga keV 20 zuwa 10, adadin ilektiron ya ninku sau 16, ƙarfinsu ya ninku sau 8, kuma layin da ka ɗora a kan bayanan bai canza ba ko kaɗan a inda ake iya gani. Abin da ake yi shi ne a nemi iyaka mafi tsayi da bayanan za su yarda da ita, a ce wannan shi ne mafi ƙarancin ƙarfi. Duk wanda ya ba ka adadin ƙarfin ilektiron bai faɗi iyakar da ya ɗauka ba, bai ba ka komai ba.

Ko da wannan taka-tsantsan, manyan tartsatsi suna ba da ilektiron 10^36 a kowane sakan sama da keV 20. Da delta 4, matsakaicin ƙarfin kowanne keV 30 ne, jimilla kusan 5 sau 10^21 na wat. Tun 1976 Lin da Hudson suka nuna cewa ilektiron na iya ɗaukar kashi 10 zuwa 50 na duk ƙarfin tartsatsin.

Farfesa Garba:
To, a nan ni nake tsayawa, kuma ina roƙon a yi mini uzuri. An gabatar wa yaron nan da samfurin kamar an gama magana. Ba a gama ba.

Ɗauki 10^36 ɗin nan na Dokta. Wurin da ake cewa ana hanzarta ilektiron a saman baka, girmansa bai wuce 10^27 na santimita kubik ba. Ninka da cunkoson 10^10, ka sami ilektiron 10^37 duka-duka. A sakan goma an kwashe su kaf. Tartsatsin kuwa yana zuba na minti ɗaya, biyu, har biyar. Daga ina sauran ke fitowa?

Sannan lantarki. Ilektiron 10^36 a sakan, kowanne da cajinsa, ampiya 1.6 sau 10^17 ke nan. Ka tura wannan ta bututu mai rabin faɗin kilomita 1,000, maganaɗisun da zai kewaye shi ya haura tesla dubu talatin. Tabon rana mafi ƙarfi da aka saba gani yana wajen sulusin tesla ɗaya. Ayari irin wannan ba zai yi ko taku ɗaya shi kaɗai ba.

Malam Sani:
Ranka ya daɗe, tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, kuma an san ta tun aikin Knight da Sturrock na 1977. Ayarin ba shi kaɗai yake tafiya ba. Da zarar ya motsa, wutar lantarki na tasowa a cikin filasma ta ja ilektiron na wurin, masu sanyi, su yi sama a hankali su cike gurbin. Wannan kwararar dawowa tana soke cajin, tana soke maganaɗisun, kuma tana mayar da ilektiron wurin hanzartawa. Ba a kwashe rumbun ba tunda ana zuba masa ta ƙasa.

Farfesa Garba:
Na yarda tana soke maganaɗisun, Malam Sani. Amma ba kyauta take yi ba. Filasma tana da turjiya, saboda haka sai an sami bambancin bolta kafin kwararar dawowar ta gudana, kuma wannan boltar ita ce ke taka wa ayarin birki. Kowane ilektiron yana biyan haraji iri ɗaya. A ce keV 10 ne: mai keV 20 ya rasa rabi, mai keV 100 ya rasa ushiri. Sifektiram ya kwanta a ƙasa, kuma ƙarfi mai yawa ya zube a korona bai kai ƙafa ba.

Yanzu duba girman ƙafar. Idan faɗinta 10^17 ne na murabba'in santimita, wato kilomita 3,000 kowane gefe, cunkoson ayarin kansa 10^9 ne, ushirin filasmar da yake ratsawa. Hotunan farin haske suna nuna ƙafafu da suka fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ka rage faɗin sau goma, ayarin ya yi daidai da filasmar yawa. A wannan hali ilektiron masu dawowa dole su yi gudun da ya wuce saurin sautin ayon, filasma ta rikice, turjiya ta yi tsalle, ayarin ya shaƙe kansa. Wannan ne ya sa Fletcher da Hudson a 2008 suka kawo shawarar cewa igiyoyin Alfben, wato girgizar da ke bin zaren maganaɗisu, su ne ke ɗauko ƙarfin daga korona, a hanzarta ilektiron a ƙasa inda suke da yawa. Brown da kansa, tare da abokan aikinsa, ya rubuta a 2009 a kan sake hanzarta ilektiron a cikin kuromosfiya. Idan ilektiron ɗaya ana ƙara masa ƙarfi yana ta haskawa, ba ka buƙatar 10^36.

Dokta Hadiza:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, matsalar cunkoson gaskiya ce, ban musa ba. Amma akwai shaidar da duk wani sabon samfuri sai ya amsa ta. A tsakiyar shekarun 1990 Aschwanden ya auna bugun eksire da na'urar BATSE da ke kan tauraron Kwamton, ya ga masu ƙarfi suna riga marasa ƙarfi isowa da 'yan gomomin milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Gwada da lambobinmu: kilomita 15,000, mai keV 20 zai yi sakan 0.18, mai keV 50 zai yi 0.12. Tazarar milisakan 60 ke nan. Wannan lokacin tafiya ne. Kuma nisan da aka fitar daga tazarar ya nuna wurin tashi yana sama da ƙoƙuwar baka, daidai inda Masuda ya ga tushen eksire mai tauri da tauraron Yohkoh a tartsatsin 13 ga Janairun 1992. Hanyoyi biyu da ba su da alaƙa suka nuna wuri ɗaya.

Ƙari a kan haka, a tartsatsin da ke gefen faifan rana, inda ake ganin ƙafar ta gefe, an auna cewa mafi ƙarfin haske ya fi zurfi, kamar yadda lissafin zurfi na Malam Sani ya ce.

Farfesa Garba:
Jerin ya yi daidai, zurfin ne ba kullum ba. A tartsatsin 24 ga Fabrairun 2011 an auna tushen eksire da na farin haske a 'yan ɗaruruwan kilomita kacal sama da fotosfiya, ƙasa da inda ilektiron mai keV 50 ya kamata ya tsaya. Kuma ayari mai nufar ƙasa ya kamata ya jefa yawancin haskensa ƙasa, amsa-kuwwar ta yi ƙarfi sosai. Da Kontar da Brown suka yi amfani da amsa-kuwwar a matsayin madubi a 2006, sai suka tarar ilektiron masu kallon sama da masu kallon ƙasa sun kusa yin daidai. Ina ayari a nan?

Injiniya Bello:
Ranka ya daɗe, a kan batun tsayi ina neman a yi hattara da abin da na'urar za ta iya. A lokacin da yake aiki, RHESSI ba ya ɗaukar hoto da madubi. Raga biyu ne a jere gaban kowace na'urar ganowa, tauraron yana juyawa sau ɗaya a sakan huɗu, hasken yana yankewa yana dawowa, daga wannan yanayin ake sake gina hoto da lissafi. Raga mafi ƙanƙanta tana raba abin da ya kai kusan kilomita 1,700 a kan rana. Ana iya gano tsakiyar tushe fiye da haka idan ƙidaya ta yi yawa, amma sai ka san inda gefen rana yake daidai, kuma a nan kuskuren 'yan ɗaruruwan kilomita ba wuya. Haka nan idan ƙafa ta fi ƙoƙuwa haske sau goma ko fiye, mai rauni yakan ɓace cikin dattin lissafi. Shi ya sa ake farautar tartsatsin da ƙafafunsa suka faɗa bayan gefen rana, domin a ga na korona shi kaɗai. STIX, na'urar eksire da ke kan kumbon Solar Orbiter tun 2020, shi ma da raga yake aiki, daga keV 4 zuwa 150, sai dai yana kallo daga wata kusurwa daban da ta duniya, kuma haɗa kusurwa biyu ita ce hanyar auna inda hasken ya fi nufa kai tsaye.

Malama Zainab:
Ina so in ƙara abu biyu da ke rage nisan da ke tsakanin Farfesa da Dokta.

Ilektiron ba ya sauka a miƙe. Yana murɗawa ne kewaye da zaren, kuma zaruruwan suna matsewa a ƙafa. Idan maganaɗisun ƙafa ya ninka na sama sau huɗu, sai wanda kusurwarsa ba ta wuce digiri 30 ba ne zai wuce, sauran a mayar da su sama kamar an buga ƙwallo a bango. Idan an zuba su ta ko'ina daidai, kashi 13 kacal ke wucewa a karon farko. Sauran suna kai da komo har karo ya karkatar da su. Wannan kaɗai ya isa ya rage nufar ƙasa da ake tsammani, kuma shi ne dalilin da ya sa a tartsatsi da yawa ƙafar da ke da raunin maganaɗisu ta fi haske.

Na biyu, bangon kansa yana canzawa. Ƙarfin da aka zuba yana dafa kuromosfiya ta taso ta cika baka. Idan ya haura wajen 10^10 na ag (erg, ƙaramin ma'aunin ƙarfi) a kan murabba'in santimita a sakan, tasowar fashewa ce, da gudun ɗaruruwan kilomita a sakan. Wannan filasmar ce ke ba da eksire mai laushi, shi ya sa saurin hawan mai laushi yake bin siffar mai tauri, abin da ake jingina wa Neupert tun 1968. Idan cunkoson baka ya kai 10^11, lissafin Malam Sani ya koma 1.5 sau 10^20, kuma ilektiron har keV 30 a korona za su tsaya. Veronig da Brown sun nuna irin wannan a 2004: baka tana haske, ƙafafu sun dushe.

Aminu:
Na gode ƙwarai, malamaina. Idan zan zauna da bayanan tartsatsi ɗaya, ta ina zan fara don kada in faɗa ramukan nan?

Dokta Hadiza:
Zaɓi matsakaicin tartsatsi, ajin M, wanda bai cika na'ura ba. Ɗauki tazarar sakan 12 zuwa 20 a farkon hawan, kafin zafi ya rufe komai, domin a lokacin ne iyakar ƙasa ta fi kusa da bayyana. Tabbatar labule bai motsa ba a ciki. Cire hasken bango daban-daban ga kowane rukunin ƙarfi. Ɗora zafi tukuna, ka bar layin keV 6.7 ya taimaka wajen kama shi, sannan ka ƙara bango mai kauri, sannan amsa-kuwwa da kusurwar da ta dace da inda tartsatsin yake a faifan, sannan gyaran cunkoson na'urar ganowa. Yi wa kowace na'urar ganowa nata daban ka ga ko sun yarda da juna.

Idan ka ga layin ya karye tsakanin keV 30 da 60, kada ka yi saurin cewa na hanzartawa ne. Kwararar dawowa tana karya shi. Haka ma iyakar da ke tsakanin filasma mai caji da iskar da ba ta rabu da ilektiron ɗinta ba: a cikin ta biyun karo ya fi rauni, ilektiron da ya kai can yana ba da haske kusan sau 2.8 fiye da na sama. Gwada kowanne, ka rubuta wanda bayanan suka ƙi.

Farfesa Garba:
Ka kuma auna faɗin ƙafar da hoton da ya fi kowanne kaifi da za ka samu, na farin haske ko na ultarabayolet, ba na eksire kaɗai ba. Raba adadin ilektiron da faɗin da kuma saurinsu, ka kawo mana cunkoson ayarin a nan tare da cunkoson bakar. Idan rabon ya wuce ɗaya bisa goma, sai mu sake zama da Malam Sani a kan lambobinka.